Karayar da Ba Ta da Maɗori

Wata Asabar a ƙarshen watan Satumba na 2002, aka shimfiɗa gawar wani ƙaton mutum a kan tebur a ofishin binciken musabbabin mutuwa na gundumar Allegheny, a birnin Pittsburgh na Amurka. Shekarunsa 50. Asibiti ya riga ya ce bugun zuciya ne ajalinsa, don haka aikin da ya rage bai wuce a duba, a sa hannu, a miƙa wa iyali gawarsu ba. Likitan da aiki ya faɗo kansa a ranar ɗan Nijeriya ne, Bennet Omalu, mai kimanin shekara 34. Bai san komai ba game da wasan zari-ruga irin na Amurkawa, wanda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Sunan mamacin ma a talabijin ya fara jin sa, inda ake ta maimaita yadda gwarzo ya lalace bayan ya bar fili.

Sunan mamacin Mike Webster. Shekara 17 ya yi yana buga wasan, 15 daga ciki a ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya ci kofin Super Bowl sau huɗu, har mutanen garin suka laƙaba masa suna Mike na Ƙarfe. Matsayinsa a fili shi ne tsakiyar sahun gaba. Zai duƙa, ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, kafin ya ɗago wani ƙato ya riga ya haɗa kai da shi. Haka a kowane zagaye, a wasa da wajen atisaye, tun yana makaranta. Goshinsa har kanta ya yi.

Da ya ajiye wasa bayan kakar 1990, sai abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Mantuwa ta fara, sai fushi ba dalili, sai dukiya ta watse, sai aure ya mutu. Mutumin da aka shigar da sunansa zauren gwarzayen wasan a 1997 ya koma kwana a cikin motarsa, wani lokaci a tashar jirgin ƙasa. Haƙoransa da suka zube, da gam yake mayar da su. Barci ya ƙaurace masa har ya kai ga jona wa kansa na'urar lantarki irin ta 'yan sanda, don ya suma ya samu ya runtsa. Mutanen gari suka yi abin da mutanen kowane gari suke yi: wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce rashin tattali ne, wasu suka kawar da kai.

Shi kuwa Omalu, an haife shi a 1968 a tsakiyar yaƙin basasa, a ƙauyen Nnokwa da ke jihar Anambra ta yanzu, inda iyayensa suka yi gudun hijira. Cikakken sunan gidansu Onyemalukwube, wanda a harshen Ibo yake nufin wanda ya sani ya faɗa. Ya shiga karatun likita a Jami'ar Nsukka yana ɗan shekara 16, ya yi aiki a Jos, ya tafi Amurka a 1994. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ciwon damuwa ya taɓa danne shi tun yana ɗalibi, har ya san yadda ake ji idan mutane suna kallon cuta suna kiran ta lalaci. Yana kuma da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suke yi wa dariya: yakan yi wa gawa magana kafin ya sa mata wuƙa, ya roƙe ta ta taimaka masa ya gano abin da ya same ta.

Ya buɗe ƙoƙon kan Webster yana tsammanin zai ga ƙwaƙwalwar da ta motse ko ta yi tabo. Bai ga komai ba. Lafiya lau take a ido, ba ƙwarzane ko ɗaya. A ƙa'idar aiki nan ya kamata ya tsaya. Sai ya ce a jiƙa ta a magani a ajiye masa. Mataimakansa suka yi mamaki, tunda an san abin da ya kashe mutumin, amma maigidansa, Dakta Cyril Wecht, ya ba shi izini. Daga aljihunsa ya biya kuɗin yanka ta sala-sala da rina ta da sinadarai. Da ya sa ta ƙarƙashin madubin likita, sai ga ɗigo-ɗigo da zare-zare masu launin ƙasa sun cika wurare da dama. Wani furotin ne da ake kira tau, wanda a ƙwaƙwalwar mai lafiya aikinsa riƙe ƙwayoyin jijiya, amma idan ya lalace sai ya cukurkuɗe ya shaƙe su. Irin abin da ake gani a kan tsoho tukuf mai gigin tsufa, ko a kan tsohon ɗan dambe.

Batun 'yan dambe kam ba sabo ba ne. Tun 1928 wani likita a New Jersey, Harrison Martland, ya rubuta yadda 'yan damben zamani da suka daɗe suna shan naushi suke komawa tafiya kamar mashaya, harshe ya yi nauyi, hannu yana rawa. A 1973 wasu likitoci a Ingila suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15 suka bayyana irin ɓarnar. Fim ɗin da aka yi kan Omalu a 2015, wanda Will Smith ya fito a matsayinsa, ya ɗan ƙara gishiri har mai kallo ya ɗauka shi ya fara gano cutar a duniya. Ba haka ba ne. Abin da ya yi shi ne nuna ta a kan ɗan wasan da ke sanye da hular kwano, wanda kowa ya ɗauka kansa a tsare yake. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da ƙura.

Mu nan Zamfara ba sai an fassara mana wannan ba. Da an yi kaka, an kai amfanin gona gida, kalangu yakan tashi a filayen Gusau da Bungudu da Tsafe. Ka ga saurayi ya naɗe hannu ɗaya da zare har ya yi tauri kamar dutse, ɗaya hannun a miƙe yana tare hanya, laya a damtse. Turmi uku ake yi. Kalmar da muke amfani da ita idan ya kai abokin karawarsa ƙasa ita ce kisa, mu ce ya kashe shi, fili ya ruɗe da ihu, a yi ta liƙa kuɗi. Shi kuwa wanda aka kashen, yaransa su ja shi gefe, a kwara masa ruwa a ka, a yi masa fifita da riga. Idan ya buɗe ido ya miƙe, magana ta ƙare. Ba jini, ba karaya, to me za a kai wa maɗori? Gobe ma yana iya shiga a wani garin. Makaɗa irin su Ɗan Anace sun dawwamar da sunan Shago da takwarorinsa a lokacin da ƙarfinsu yake kan ganiya, kuma sun kyauta. Sai dai ba a yi wa ɗan dambe kiɗa a shekara 60, lokacin da yake zaune bakin kasuwa yana neman sunan ɗansa a bakinsa ya rasa.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin an kaɗa nono a gora. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana iyo ne a cikin ruwa. Ka girgiza goran da ƙarfi, goran ba zai fashe ba, amma kindirmon da ke ciki ya tsinke. Hular kwano goran take karewa. Idan kai ya tsaya cak bayan gudu, ko ya juya da ƙarfi saboda naushi a muƙamuƙi, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe, wasu su tsinke. Ba lallai mutum ya suma ba. Galibin masu wannan buguwa ma ba sa suma, jiri ne kawai, ko ganin taurari, ko ɗan ruɗewa na minti biyu. Kuma abin da bincike ya fi nunawa yanzu shi ne, ba babban bugu ɗaya ne ya fi yin ɓarnar ba, tarin ƙanana ne, dubbai, shekara da shekaru.

A watan Yuli na 2005 Omalu da abokan aikinsa suka buga sakamakonsu a mujallar likitoci mai suna Neurosurgery, suka kira cutar da sunan da aka taƙaita zuwa CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali saboda yawan bugu. Ya ce a lokacin ya ɗauka hukumar wasan, NFL, za ta gode masa. Ashe ya taɓo wa kura nama. Hukumar tana da nata kwamitin likitoci tun 1994, wanda shugabansa, Elliot Pellman, ƙwararre ne a ciwon gaɓoɓi, ba ƙwaƙwalwa ba. Kwamitin ya yi ta buga takardu yana cewa ba wata hujjar lahani mai ɗorewa, har ma ɗan wasa yana iya komawa fili a ranar da ya bugu. Uku daga cikinsu suka rubuta wa mujallar suna neman a janye aikin Omalu gaba ɗaya. Mujallar ta ƙi. A 2007 hukumar ta kira babban taro kan batun a Chicago, ba ta gayyace shi ba, sai wani likita, Julian Bailes, ne ya gabatar da hotunansa a madadinsa. A shekarar Omalu ya tattara ya koma California.

Amma gawawwaki ba su daina zuwa ba. Terry Long, wanda ya yi wasa kafaɗa da kafaɗa da Webster a Steelers, ya kashe kansa a 2005 yana da shekara 45, bayan ya daɗe yana fama da ciwon damuwa. Omalu ya duba, ya ga irin zaren nan. Andre Waters na Philadelphia Eagles ya bi a Nuwamba 2006 yana da shekara 44, Omalu ya ce ƙwaƙwalwarsa ta yi kama da ta ɗan shekara 85. A watan Disamba na wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa iyalin Webster haƙƙin naƙasar da ya yi ta nema yana raye, sama da dala miliyan ɗaya, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dave Duerson. Ya ci kofi da Chicago Bears, ya sake ci da New York Giants, ya yi kasuwanci ya yi arziki, har ya zauna a kwamitin da ke yanke hukunci kan tsofaffin 'yan wasan da suka zo neman kuɗin naƙasa. Wato shi ne a bayan tebur lokacin da irin su Webster suke zuwa da takardunsu. Sai nasa kan ya fara. Kasuwanci ya rushe, gida ya watse, kalmomi suka riƙa ɓace masa. A ranar 17 ga Fabrairu 2011 ya kashe kansa yana da shekara 50, ya bar wa iyalinsa saƙo cewa a kai ƙwaƙwalwarsa wurin masu bincike. Aka kai Jami'ar Boston, wurin Dakta Ann McKee, ta kuwa samu cutar. Mutum ne da ya san wani abu yana cin sa a ciki, ba shi da hanyar nuna wa kowa, domin har yau ba a iya tabbatar da CTE sai bayan mutuwa.

Daga nan dutsen ya gangaro. Tsofaffin 'yan wasa sama da 4,500 suka kai hukumar kotu, a 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765, daga baya alƙaliya ta sa aka cire iyakar kuɗin. A watan Maris na 2016 wani babban jami'inta, Jeff Miller, ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa lallai akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 McKee ta fitar da sakamakon ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, ta samu cutar a 110.

A nan dole a taka a hankali, don adadin yana da ruɗi. Iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, saboda haka ba za a ce kusan kowane ɗan wasa yana da ita ba. Haka kuma zancen kashe kai. Wani bincike na hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka a 2016 ya bi tsofaffin 'yan wasa 3,439, ya samu 12 ne suka kashe kansu, ƙasa da rabin abin da ake samu a sauran maza tsaransu. Cutar ba hukuncin kisa ba ce. Abin da yake kai mutum bakin rami yawanci taron dangi ne: ciwon jiki da ba ya sauka, maganin kashe zafi da ya zama jaraba, bashi, rabuwar aure, da shirun da ke biyo bayan tafin dubban mutane. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani. Likitocin da ke duba irin waɗannan mutane suna ma tsoron kada yawan labarin ya sa mai ciwon damuwa, wanda zai warke da magani, ya yanke wa kansa cewa ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ruɓe.

Mai karatu a gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada ko Sabon Gari yana iya cewa wannan wasan Amurkawa ne, mu tamaula muke bugawa. To a shekarar da Webster ya mutu, a watan Janairu, wani tsohon ɗan gaban West Bromwich Albion da Ingila, Jeff Astle, ya rasu yana da shekara 59, bai ma san ya taɓa buga ƙwallo ba. Gwanin cin ƙwallo da ka ne, a zamanin ƙwallon fata da ke shan ruwa ta yi nauyi. Mai binciken mutuwa ya rubuta cewa sana'arsa ce ta kashe shi. A 2014 Dakta Willie Stewart na Glasgow ya sake duba ƙwaƙwalwarsa ya ce CTE ce. Shi Stewart ɗin ne ya jagoranci binciken 2019 kan tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland 7,676, inda aka samu sun ninka sauran mutane sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Da aka rarrabe su, 'yan baya, masu yawan sa kai, sun kai ninki biyar, masu tsaron raga kuwa kusan daidai suke da kowa. Biyar daga cikin 'yan wasan Ingila da suka ci Kofin Duniya a 1966 da cutar mantuwa suka ƙare, har da Bobby Charlton da yayansa Jack. Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, Ingila ta bi sahu a wajen atisaye a 2020, kuma daga 2024 dokar ƙwallo ta duniya ta ba da damar ƙarin canji idan ana zargin ɗan wasa ya bugu a ka.

A filayenmu na unguwa kuwa, inda ƙasa take da tauri kamar daɓe, yara biyu su yi tsalle su haɗa kai, a ji ƙarar daga bakin layi. Koci ya rugo da ledar ruwa, ya fasa masa a ka, ya ce tashi mana, kai ba namiji ba ne? Yaro ya tashi yana layi, a tafa masa. Ƙa'idar likitoci a nan gajeriya ce: wanda ya ruɗe ko ya yi jiri bayan bugu ya gama wasa a ranar, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. Idan kuma amai ya biyo baya, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi da ba a iya tashinsa, to asibiti ne ba jira. Idan abin ya jima ya zama canjin hali, mun fi saurin cewa iska ce, ko sammu, ko ya fara shaye-shaye. Sai an gaji da rubutu da hayaƙi a tuna da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, bayan Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200 daga Gusau, kuma sunan garin kansa ya zama abin zolaya a bakinmu. Sai a Janairu 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Tsohuwar dokar laifuka ta Arewa kuwa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ta tanadar wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Addini ya haramta aikin, ba mai jayayya, amma malaman nan da suka karantar da mu haramcin su ne suka karantar da mu cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a yi masa awo da mudun mai hankali.

Na tsallake wata guda da gangan. Ranar 2 ga Mayu 2012, Junior Seau, wanda ya yi shekara 20 a NFL, ya kashe kansa a gidansa a California yana da shekara 43. Amurka ta girgiza, cibiyoyin bincike suka yi ta rububin ƙwaƙwalwarsa, a Janairu 2013 aka sanar cewa yana da cutar. Kwana biyu bayan mutuwar Seau, ranar 4 ga Mayu, Rashidi Yekini ya rasu a Ibadan yana da shekara 48.

Haifaffen Kaduna ne, daga ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Fotugal da Vitória de Setúbal. Shekarunsa na ƙarshe shi kaɗai ya yi su a gidansa, ya janye daga mutane, jaridu suna ta ruwaito cewa yana fama da larurar ƙwaƙwalwa, wasu na kusa da shi suna musantawa. Ba shi ya ɗauki ransa ba, kuma ba mai hurumin laƙaba masa cutar su Webster, tunda tabbacinta sai an sa ƙwaƙwalwa ƙarƙashin madubi, mu kuwa mukan sallaci mamacinmu mu kai shi makwancinsa kafin rana ta juya. A Ira ta jihar Kwara aka binne shi. Da labarin ya iso gidajen kallo, hoton da tashoshi suka yi ta maimaitawa shi ne na daren 21 ga Yuni 1994 a Dallas, lokacin da Finidi George ya miƙo masa ƙwallo ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki, ya cusa hannayensa biyu cikin ragar yana girgiza ta, bakinsa a buɗe yana kuka.